Kafin Ka Tafi da Zainabu Yamai

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Mahaman Sani. Ina gaishe ka, ina gaida Mariyama da yara. Allah ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi maka zuwa Yamai ya zame maka alheri, ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin abin da ke bakin hanya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da gidansa yake nan Birni, tafiyar ƙafa daga naka. Na so in faɗa maka da baki ranar da ka zo sanar da ni tafiyar, amma ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kana ta "to Baba, to Baba," na gane maganar ta saman hularka za ta wuce. Kuma numfashina ba ya kai ni ƙarshen dogon zance yanzu. Ka yi haƙuri da rubutun, hannu yana rawa. Da malaman da suka koya mana a lakkwal sun gan shi, da na sha ranƙwashi.

Maganar Zainabu ce, ɗiyarka ta fari. Yarinyar nan ba ta cin abinci. Ba rashin marmari nake nufi ba irin na mai zazzaɓi, wanda kwana kaɗan ya wuce. Abin da ya kama yayarka Rakiya har ya kai ta kushewa, shi nake gani a jikin Zainabu. Kana ƙarami lokacin. Abin da za ka tuna bai wuce wata siririya kwance a tabarma a ɗakin mahaifiyarku ba, da mutane suna cewa iska ce ta taɓa ta. Ni da nake babba na ga abin tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma kusan duk inda hanya ta rabu biyu, mummunar na bi. Zan lissafa maka, don kada ka taka inda na taka.

Da farko ban ma gani ba. Ka san yadda gidanmu yake. Ni a zaure nake ci da abokaina, mata da yara a ciki, hannu da yawa a kwano ɗaya. Kwano ya dawo a siɗe, sai a ce an ci. Wa ya ci, wa bai ci ba, babu mai tambaya. Rakiya takan zauna da su, ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta gutsuri loma kamar ƙwayar gyaɗa ta yi ta juya ta a miya, tana tura nata gefen zuwa gabanku ku ƙanana. Ga shi kuma ita ce mai girkin gidan. Ba ta gajiya da murhu. Ta yi burabusko, ta yi dambu, ta kwana biyu tana haɗa alkaki don kawai ta raba wa maƙwabta ta tsaya tana kallon suna ci. Wa zai zargi mai rabon abinci da yunwa? Na yi shekaru a ofishin sayen gyaɗa, da ido nake gane buhun da ya ragu tun kafin a ɗora shi a sikeli. Ɗiyata ta yi ta raguwa a gabana damina da rani ban lura ba. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ni ban sani ba, don ba na shiga ɗakin.

Saboda haka kada ka ɗauki kwanon da ya dawo a siɗe shaida. A Yamai gidan haya za ku shiga, ba zaure, ba abokai. Wannan ma wata rahama ce. Ka zauna ka ci tare da iyalinka. Za ka ji nauyi da farko, na sani. Ka daure.

Sannan da na fara gani, sai na yaba. Rakiya ta kama azumin Litinin da Alhamis. Daga nan ta ƙara da na tsakiyar wata, ta ƙara da ramuwar da babu wanda ya san lokacin da ta sha. Na ji daɗi. Na faɗa a ƙofar masallaci, dattawa suka yi ta "Allah ya yi mata albarka, ka haifu Malam Isuhu." Labari ya koma mata cewa ubanta yana alfahari da ita. Ubanta wanda bai taɓa yabonta a kan komai ba. Ka ga abin da na yi? Na samo wa ciwon rigar da babu mai iya cire masa. Daga baya ko mahaifiyarku ta ce mata ta ci, sai ta ce "ina azumi," baki ya mutu.

Ban hana ka son ibada a gidanka ba. Amma idan Zainabu ta ce za ta yi nafila, kada ka yi murna, kada kuma ka yi mata tsawa. Ka nemi malami mai hankali, wanda ya san jiki amana ne, ka gaya masa gaskiyar halin da take ciki, shi ya yi mata bayani. Haka in watan azumi ya zo. Addini ya san da mara lafiya. Ku tambayi likita, ku tambayi malam, kada ku bar wa yarinyar hukuncin, don a yanzu ciwon ne zai yanke mata.

Ranar da idona ya buɗe, faɗuwa ta yi a bakin famfo da tulu a ka. Aka kwaso ta. Da mayafinta ya zame na ga hannunta, sai da gabana ya faɗi. A maimakon tausayi, fushi ne ya zo mini, don tsoro a wurin namiji da fushi yake fita. Na sa aka zubo tuwo a akushi, na sa aka tara mutanen gida a tsakar gida, na ce ta cinye a gabana. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce in dai ni na haife ta, in ba ta cinye ba ban yafe mata ba duniya da lahira. Ta ci. Tana ci hawaye na zuba a miyar, ta cinye tas. Na tashi ina jin na yi maganin abin. Ba a jima ba mahaifiyarku ta same ta a bayan ɗaki tana mayar da shi duka. Abin da na samu ke nan a ranar: na koya mata amai, na kuma koya mata ɓoyewa. Daga nan ko inuwata ta gani sai ta shige ɗaki.

Sani, albarkar uba ba bulala ba ce. Kada ka taɓa ɗora ta a kan kwanon tuwo. Kada ka tara wa Zainabu mutane. Kada ka ce mata "dubi masu neman abin da za su ci ba su samu ba." Ta san da su, kuma wannan maganar ƙara mata ƙin kanta take yi. Ka gaya wa Mariyama ma. Uwa ce, zuciyarta tana tafasa, za ta so ta yi kuka ta ce "kashe ni kike so ki yi." Ta yi kukanta a inda yarinyar ba ta gani.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau ba na son tunawa. Gwaggonku, yayata da ke Hamdara, ta zo duba ta. Mace ce mai zafi, ta raini yara da yawa. Ta dube mu ta ce, "Yarinya guda ta gagare ku? Ku ba ni ita. Wanda ya ƙi sha da kansa ai ɗura ake masa." Ka san ɗurar da ake yi wa jarirai, a kwantar da yaro a cinya, a toshe hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa har ya haɗiye. Ita aka yi wa Rakiya, budurwa mai karatu a kwaleji. Mata suka danne ta. Ina zaure da carbi a hannu, ina jin shaƙewarta, ina jin gwaggonku tana cewa "haɗiye, 'yar nema, haɗiye." Na iya tashi in hana. Ban tashi ba, na ce sha'anin mata ne. Kunun ya bi ta inda bai kamata ba, ta kwanta da tari da zazzaɓi a ƙirji, kuma daga wannan kwanciyar ba ta ƙara komawa lakkwal ba.

Gwaggonku ba muguwa ba ce. Abin da ta sani ta yi. Masu irin wannan taimakon za su zo maka da yawa, har a waya za su same ka. Wannan ya ce a jiƙa mata magani kaza, wancan ya ce akwai ƙwayar sa ƙiba a kasuwa, wata ta ce a yi mata aure ta warke. Ka yi musu godiya, ka rufe ƙofarka. Jikin da ya daɗe da yunwa ko cika shi da abinci lokaci guda haɗari ne. Likita ne zai faɗi yadda za a bi.

Mun yi yawo da ita. Rubutu ta sha, hayaƙi ta shaƙa, mun je wurin wani mai magani a wani ƙauye bayan Gaffati wanda ya ce aljana ce take cinye mata abinci a ciki. Na fi son wannan bayanin, don bai ɗora mini komai ba. Da muka je asibiti daga ƙarshe, aka auna jini, aka duba ƙirji, aka nemi tsutsar ciki, ba a sami komai ba. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ciwon ɗiyarka ba a cikinta yake ba, a tunaninta yake. Ka kai ta wurin masu duba wannan." Na ce mata ɗiyata ba mahaukaciya ba ce. Na tuna Birni, na tuna bakin mutane, na tuna wa zai aure ta in aka ji, wa zai auri ƙannenta. Na ɗauke ta muka koma gida. Na tsare sunan gida, Sani. Ga gidan nan yau, ni kaɗai ne a ciki, da sunan.

Sai bayan shekaru, wani matashin likita da ke duba mini hawan jini ya gaya mini abin ciwo ne sananne, yana da suna a littattafansu, ana jinyarsa, kuma da yawa suna tashi in an kama shi da wuri. Ban yi barcin kirki ba a wannan makon. To kai Yamai za ka. Can akwai masu duba irin wannan fiye da nan. Kafin ka nemi inda za ka sa kujeru, ka nemi likita. In na farko ya ce ba komai, maganin ƙarin jini kawai za ta sha, ka nemi na biyu. Ka faɗa musu duka, kada ka rage don kunya. Mariyama ta tambayi Zainabu abin da ya shafi al'adarta ta mata, ta gaya wa likita, don Rakiya tata ta ɗauke tun da daɗewa babu wanda ya sani. In Zainabu ta faɗi, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta ce zuciyarta tana bugawa ba daidai ba, kada ku jira gari ya waye. Addu'a kuma kada ku bari. Amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Yanzu bari in gaya maka yadda na gane na Zainabu. Tun rasuwar mahaifiyarku ita ke kawo mini abincin rana daga gidanka in ta taso daga lise, makarantarsu ta sakandare. Ka san wasan jika da kaka. Nakan ce, "Amarya, yau ma kin kawo wa mijinki tuwo kin tsaya kallo? Zo mu ci." Ta ce, "Kai tsoho, wa zai ci da mai haƙori biyu? Ai sai ka rage mini daraja. Na ci a gida." Mu yi dariya. Sai wata rana Mariyama ta zo gaishe ni, na ce mata tuwon yana yi mini yawa, ta rage. Ta ce, "Baba, ai na mutum biyu ne. Zainabu ta ce a wurinka take ci." Daga ranar na buɗe ido. Na ga riga biyu take sawa cikin zafin bazara. Na ga awarwaronta yana gangarowa har gwiwar hannu. Na ga ta daina hawa babur, da ƙafa take zuwa tun daga lise da rana tsaka. Da ta miƙo mini buta na taɓa yatsunta, sanyi ƙalau kamar randa.

Akwai kuma abin da na yi da bakina. Wata sallah da ta wuce ta shigo da kwalliya, na ce, "Kai, amaryata ta cika ƙofa, sai an faɗaɗa zaure." Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ban ce wannan ne ya jawo ba. Har yau ban san abin da ya fara na Rakiya ba, balle wannan. Amma ka hana a yi maganar jikinta a gidanka, ko ta yabo ko ta tsiya. Ko ta fara murmurewa kada a ce "kin yi kyau, kin ciko." A kunnenta wannan zagi ne.

Wannan karon ban yi tsawa ba. Na ce mata, "Amarya, tun da kakarki ta tafi abinci ba ya wuce mini ni kaɗai. Zauna kusa, ko ba ki ci ba." Kuma gaskiya na faɗa. Ta zauna. Kwanaki tana zama kawai, ina ba ta labarin zamanin gyaɗa, tana yi mini dariya. Ran nan ta sa hannu. Na kawar da kai, na ci gaba da surutuna kamar ban gani ba. Loma kaɗan ce, kuma tun azahar har aka kira la'asar ba mu tashi ba. Haka muka riƙa yi. Wata rana ta ci, wata rana ta kasa. Ranar da ta kasa ban canja mata fuska ba.

A irin wannan zaman ne ta ce mini, "Kaka, ba ƙi nake ba. In na ci, sai in ji wani abu a raina yana ta zagina, yana cewa na kasa, na ƙazantu. Kowa yana cewa na rame, ni kuwa in na duba madubi ƙatuwa nake gani." Na ce, "Kin gaya wa babanki?" Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Baba? Ai ko sunana ba ya faɗa. 'Ke' yake cewa, ko ya ce wa Mama 'gaya wa yarinyar nan.'"

A nan ne na ji kamar an soke ni, don daga wurina ka koya. Rakiya ce ta fari a wurina. Kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunanta, ta hana ni ɗaukarta tana jaririya, ta hana ni zama da ita. Haka na tarar ana yi, kuma mutane suna yaba mini kawaici. Akwai ranar da ta kawo mini ruwan alwala zaure, ba kowa sai ni. Ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta durƙusa tana murza bakin mayafi, ta ce, "Baba, akwai abin da yake damuna." Ban dube ta ba. Na ce, "Je ki gaya wa uwarki." Ta ce to, ta tashi. Lokacin tana da sauran ƙarfi, tana zuwa lakkwal, ba a yi akushi ba, ba a yi ɗura ba. Sau ɗaya ke nan ta zo mini da kanta, ba ta ƙara ba.

Ta rasu a asibiti da rana, cikin bazara, da robar ƙarin ruwa a hannun da suka sha wuya kafin su sami jijiya. Mai rubuta takarda ya tambaye ni sunan mamaciya. Na ce Rakiyatu. Tun ranar sunanta bakina bai furta shi ba sai a wannan wurin. Waɗanda suka ɗauki makarar sai da suka dubi juna, don babu nauyi.

Ban ce al'adar iyayenmu banza ce ba. Tana da wurinta. Amma ba a yi ta don a rasa ɗa ba. Ka kira Zainabu da sunanta. In mutane sun yi maka dariya, su yi. A mota ka zauna kusa da ita, tafiyar Yamai doguwa ce, ba sai ka yi maganar abinci ba. Ka tambaye ta karatu, ka tambaye ta ƙawayen da za ta bari. In ta yi shiru, ka zauna cikin shirun. In ta buɗe baki, kada ka gyara mata magana, kada ka yi wa'azi, kada ka tura ta wurin uwarta. Jinyar nan tana da tsawo, tana da koma baya. Za ta yi maka ƙarya a kan abinci, ka sani ciwon ne, kada ka kira ta maƙaryaciya. Za ku gaji, kai da Mariyama, ku riƙa karɓar juna, kada ku manta da ƙannenta.

Na yi tunanin in roƙe ka ka bar mini ita. A wurina take ci, kuma ita kaɗai ce muryar da ke shigowa gidan nan. Amma loma kaɗan da azahar ba za ta tsayar da abin da na gani ba, kuma ni ba mai daɗewa ba ne. Uba take bukata, da likita.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani. Ta roƙe ni kada in gaya maka. Na ce mata ba zan ɗauki wannan alkawarin ba, zan rubuta maka, kuma na fi son ta ji daga bakina kafin ta ji daga naka. Ta dube ni ta ce, "Ashe kai ma haka kake." Ba ta ce tsoho ba, ba ta ce ango ba. Ta ɗauki kwano ta fita. Tun ranar Mariyama ce ke kawo abincin da kanta, tana cewa karatu ya yi wa Zainabu yawa. Nakan ji tafiya a lungu in ɗaga kai, sai in ga ba ita ba ce.

Kada ka yi mata faɗa a kan wannan. In ranar tafiya ta zo ta ce ba za ta zo sallama ba, kada ka tilasta ta. Na yafe mata tun kafin ta fita zauren. Ta yi ta fushi da ni har ta tsufa, ta ba jikokinta labarin tsohon da ya tona mata asiri. Wannan nake roƙon Allah.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka haƙurin da ban yi ba. Allah ya jiƙan Rakiya da mahaifiyarku, ya haskaka makwancinsu. Ya tsare gabanku da bayanku, ya sauke ku lafiya. In kun isa ka sa a sanar da ni.

Mahaifinka,
Isuhu
Birni, Damagaram